Daminar da Kwamfuta Ta Yi Dogon Barci

Yau kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Roni ba. Ashana ta yi sanyi ba ta kamawa, gishiri ya narke a roba, tabarma kuwa duk yadda ka juya ta warin danshi take. Ummanmu sai murna take, wai bana gero zai yi. Ni da na ji yayyafin nan a kan kwanon ɗaki sai na ɓoye hannuna na dama a ƙarƙashin cinya. Shekara uku ke nan, amma jikina bai yarda an wuce wurin ba. Ko a gidanmu rabin labarin suka sani. Sunan ƙauyen ma ba zan faɗa ba. A ƙasar Gwiwa yake, ya isa haka.

Daminar waccan shekarar da yaudara ta fara. Ruwan farko ya sauka da wuri, kowa ya fita da iri, gero ya tsiro gwanin sha'awa. Sai sama ta ɗauke. Sama da mako uku babu ko ɗigo. Hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, iska ta taso ta watsa shi, ta bar mu da zafin da ke dafa mutum a cikin rigarsa. Shuka ta nannaɗe ta ƙone. Babanmu ya ɗebi geron da muke ci ya sake shukawa. Da ruwan ya tashi dawowa kuma sai ya dawo da haushi: marka ba dare ba rana, gonakin kwari suka zama tabki, katangu suka riƙa zubewa kamar an jiƙa ƙuli-ƙuli. Maza suna jera buhunan yashi a bakin lungu, mu mata muna kwarfar ruwa daga ɗakuna da ƙwarya da faranti.

Girki a gidanmu ya koma sau ɗaya. Da safe kunu tsararo. Da rana kowa ya nemi inda zai kwanta. Bayan la'asar Umma ta dafa tafasa, ta barbaɗa ɗan ƙuli, a ci a kora da ruwa. Yunwar damina daban take, ko'ina ka duba kore shar, cikinka kuwa yana kuka.

Abu ɗaya ya rage wa duk wanda geronsa ya tafi, shi ne wake ɗan kwana sittin. In ya shiga ƙasa kafin Agusta ya fita, a samu abin kai wa baki. In ya wuce, sai baɗi. Wata ƙungiya ta ce za ta raba irin, amma sai an yi rajista: masu unguwanni su ba da sunayen magidanta, a zo da kwamfuta a ɗauki hoton kowa da zanen babban yatsansa, ranar rabo ya dangwala yatsan ya karɓa. Ni na gama sakandare, na kuma yi wata uku ina koyon kwamfuta a wani shago a Kazaure, shi ya sa aka ɗauke ni aikin. Sunana Zulai, a lokacin shekarata goma sha tara.

Aka haɗa ni da wani Lurwanu, wanda ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Har yau ban san makarantar da ta ba shi injiniyancin ba, ina jin tabaransa ne ya ba shi. Wayoyi uku gare shi, da takalmi sau-ciki a cikin taɓon Agusta, da turaren da ke riga shi shiga wuri. Da yatsa ɗaya yake buga rubutu, yana neman harafi kamar kaza tana tsintar tsaba. Muka isa ƙauyen a kan acaɓa biyu, da kwamfuta, da ɗan ƙaramin janareto da galan ɗaya na fetur. Aka ba mu aji ɗaya a makarantar firamare.

Dole in bayyana yadda abin yake, don a nan komai ya rataya. Babu sabis ɗin waya a ƙauyen. Duk wanda muka ɗauka, kwamfutar tana riƙe shi ne a buɗaɗɗen kundi, a kanta kawai, kamar mai tallan da ya haddace saƙo bai rubuta ba. Sai an kulle kundin da lambar sirrin shugaba sannan take rubuta shi a ma'ajiyarta. Ƙa'ida ita ce a kulle kowace yamma. Injiniya ya ƙi. Ya ce wai kullewa tana cin batir. Ƙarya yake. In an kulle, ba a ƙara taɓa komai. Shi kuwa so yake kundin ya isa Kazaure a buɗe, duk sunan da mai shi bai zo ba ya cike gurbin da yatsun 'yan gidansu. Da yamma sai ya rufe murfin kwamfutar kawai, ya nuna mini 'yar fitilar da ke ƙiftawa a gefe, ya ce, "Kin ga? Barci take. Ku 'yan wata uku ba za ku gane ba."

Na gane kuwa. Malaminmu na shago ya zana mana a allo. Ya ce hanya uku ce. In ka kashe ta, duk abin da ke buɗe ya tafi. In ka sa ta barci, tana riƙe da komai amma tana lasar batir a hankali, ranar da batirin ya ƙare ta manta kaf. Ta uku ya kira ta dogon barci: kwamfuta ta tattara duk abin da take cikin yi, har inda ta tsaya, ta rubuta a ma'ajiyarta, sannan ta mutu murus ba ta cin komai. Ya ce kamar gaiwa ce, kifin nan da ke binne kanta a laka in kududdufi ya ƙafe, sai ruwa ya dawo ta farka ta ci gaba da iyo.

Kwana uku muna aiki. Fetur ɗin da aka ba mu don kwamfuta, rabinsa a cajin wayoyin Injiniya ya tafi, da 'yar fankar da ya zo da ita yana hura wuyansa, mutane suna tsaye a layi cikin yayyafi tun da hantsi, wasu ko karyawa ba su yi ba. Rana ta huɗu janareton ya yi tari ya mutu kafin azahar. Muka ci gaba da batir. Saura mutum kaɗan sai ga wata tsohuwa ta zauna a gabana, ƙarama, baƙa, da ɗankwali ruwan ƙasa. Tabawa sunanta. Ɗanta yana Legas shiru babu aike, surukarta Indo ta tafi haihuwa gidan iyayenta a tsallaken rafi, ta bar mata yara biyu.

"'Yar nan, ki ɗauke ni da kyau fa," in ji ta, "kada masu waken su ga hoton su ce wannan ba za ta kai girbi ba, su hana."

Ina dariya na ɗauka, bakinta a buɗe. Aka zo yatsa, na'urar ta ƙi. Daka da sussuka sun shafe zanen ya yi sumul. Ta goga a goshi, ta goga a gashi, ta hura masa iska.

"Wannan akwatin naku ba ya son talaka," ta ce.

A lokacin alamar batir ta koma ja. A lokacin ne kuma hadari ya rufto, ajin ya yi duhu, iska ta fara kaɗa tagogi.

"Ke, rufe murfin!" in ji Injiniya.

"Yallaɓai, batirin ba zai kai gobe ba. Ka kulle kundin, ko ka bari in sa ta dogon barci."

"Ni za ki koya wa aiki? Na ce rufe!"

Ruwa ya feso ta taga kan wayoyinsa, ya juya da gudu zai cece su. Ni kuma na danna dogon barci. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, ta ɗan yi ƙugi, sai 'yar fitilar nan ta gefe ta ɗauke gaba ɗaya. Da ya juyo ya ga ba ta ƙiftawa, sai ya ɗora hannu a ka.

"Ta kashe! Jama'a ku shaida, yarinyar nan ta kashe sunayenku! Aikin kwana huɗu!"

Ban taɓa ganin fuskoki sun sauya haka ba. Mutanen da ɗazu suke ce mini Malama, sannu Malama, suka cika ajin har ƙofa. Ina cewa suna nan, wallahi suna nan, babu mai ji. Wani ya buga tebur. Wata ta tofa mini yawu a hijabi. Wani daga baya ya ce a kulle ni a ajin sai na fito da sunayen, kamar a aljihuna na zuba su. Injiniya ya danna maɓallin kunnawa a gabansu, babu abin da ya motsa, don batirin ya riga ya kai ƙarshe. Shi ke nan hujja ta tabbata. Mai unguwa yana ta cewa a bar 'yar mutane, muryarsa ba ta wuce gemunsa. Iya Tabawa ce ta kama wuyan hannuna ta ja ni ta tsakiyarsu tana cewa, "Ku matsa, ƙattin banza. Wanda ya sha fetur yana tsaye, ku kun taru a kan yarinya."

Ruwan ranar ya tafi da kwalbatin da ke kan hanya. Babu shiga babu fita, babu fetur, babu sabis ɗin da zan kira gida. Kwana tara muka yi.

A ɗakin Iya na zauna, ni da ita da jikokinta, a gefen da ba ya yoyo. Da asuba ta tafi maƙwabta da kasko ta ɗebo garwashi, don ashana ta daina aiki a garin, wuta sai dai a karɓa daga gidan da bai bari tasa ta mutu ba. Itace ɗanye, hayaƙi ya cika ido. Ta dama kunun dusa ta raba huɗu, nata ya fi ƙanƙanta, ta ce tsofaffi ba sa jin yunwa. Da hantsi mu fita roron tafasa da rama a bayan gari, ƙafa tana nutsewa har idon sawu. In mun bi ta bakin rijiya sai in ji ana cewa, "Ga ta nan, mai kashe sunaye." Kowace safiya maza suna tsayawa a bakin gonakinsu suna kallon ƙasa a jiƙe, a shirye, babu abin sa mata. Kwana yana wucewa, kowa ya san lissafin.

Injiniya kuwa a zauren mai unguwa ya sauka. A garin da ake shan dusa, shi aka dafa wa ƙwan zabi. Yana zaune yana ba su labarin yadda a Kano akwai wata na'ura da shi kaɗai ya iya, wataƙila ya ceto ko rabin sunayen, in Allah ya so. Su kuma manyan mutane da furfura suna gyaɗa kai suna Allah ya saka. Na tsane shi, amma gyaɗa kan nan ya fi ba ni haushi.

Wata rana muna tsinke ganye Iya ta ce, "Zulai, tsakaninki da Allah, sunayen suna ciki?"

"Suna ciki, Iya."

"To me ya sa kullum jikinki yake ɓari?"

Sai na gaya mata abin da ban gaya wa kowa ba. "A allo aka koya mana. Ban taɓa yi da hannuna ba sai ranar."

Ta dube ni, ta fashe da dariya har da tari. "Amma ke 'yar nan akwai ƙarfin hali. To ki bar shi a cikinki, kada ki gaya wa waɗancan."

Rana ta shida zazzaɓi ya kama ta. Babu magani sai saiwar da maƙwabciya ta jiƙa. Washegari bayan azahar ta cika, kanta a kan cinyata. Waɗanda suka je maƙabarta sun ce sai da aka yi ta kwarfar ruwa daga kabarin kafin a sa ta.

Rana ta tara ruwa ya ɗan ja. Wani makiyayi, Jauro Buba, wanda ya san mashigin da shanu ke bi, ya ƙetara ya dawo da kwalba biyu na fetur ɗaure a kansa. Gari kaf ya taru a makarantar da hantsi. Injiniya ya ƙi taɓa kwamfutar, ya harɗe hannu ya ce wadda ta kashe ita za ta kunna, kowa ya gani. Aka tayar da janareto, na jona waya, na jira. Na yi bisimilla na danna.

Ta ɗauki lokaci. Wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiyar baƙin, ajin tsit sai ƙarar inji. Sai haske ya kawo.

Iya Tabawa ce. Da ɗankwalinta ruwan ƙasa, bakinta a buɗe tana tsakiyar zolayata. A ƙarƙashin hoton ga sunanta, ga kwanan watan ranar da aka yi hadarin bai gusa ba, ga akwatin yatsa yana ƙiftawa yana jira ta dangwala. Kwamfutar ba ta san an yi kwana tara ba. A gefe kuma ga jerin sunayen nan duka, ko ɗaya bai ɓace ba.

Mata suka ɗauki salati, wasu suka fita da gudu. Ƙaramar jikar ta ce, "Ga Iya," ta miƙa hannu. Ni ko kuka na kasa.

"Alhamdu lillahi!" in ji Injiniya, ya matso ya dafa murfin. "Ai na gaya muku ku kwantar da hankalinku. Dabara ce, mu mun san ta." Wallahi haka ya ce, a gaban mutanen da suka ji shi da kunnensu, kuma aka samu masu cewa sannu Injiniya. "Ke, soke wannan, ta rasu. Mu ɗauki sauran."

Na san abin da sokewa take nufi. Gurbin Iya zai zama fanko, Indo ba ta cikin jerin da mai unguwa ya bayar, na'urar ba za ta karɓe ta ba ko da tana nan. Buhun yaran nan zai ƙare a gidan wani a Kazaure. Na juya na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, yatsa kawai take nema. Duk macen da ba a ɗauka ba, tana iya sa nata, ranar rabo ta karɓo wa yaran nan."

"Wanda ya sa yatsa a sunan wani, gidan yari ne," in ji Injiniya da ƙarfi. Shi fa.

Sai kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wadda ta tofa mini yawu tana nan, maƙwabciyar Iya ce ta jikin katanga, ta ce ita ba za ta ɗora hannu a ƙarƙashin fuskar mamaciya ba. Wani ya ce matarsa ba ta fita. Wani ya ce a tambayi liman tukuna. Mutanen da suka iya cika aji don su firgita yarinya ɗaya, aka rasa babban yatsa guda a cikinsu. Janareto yana ta shan kwalbar farko.

Ban yi tunani ba, da na yi da ban aikata ba. Na ɗora nawa. Nan take ta karɓa, ta yi kore, fuskar Iya ta shige cikin jerin. Na ɗauki mutanen da suka rage, sannan na ɗaga murya yadda na bayan aji zai ji: "Yallaɓai Injiniya, saura ka sa lambarka ka kulle, kada fetur ya ƙare sunayen su sake tafiya." Wannan kam sun ji. Suka yi masa caa. Ya kulle da yatsansa ɗaya, yana kallona ta saman tabarau.

Bayan kwana shida aka yi rabo a Gwiwa. Na je da dogon hijabi na ja shi har hanci. Aka kira Tabawa, na tashi. Mai rabon ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Na dangwala yatsa. Sai da na'urar ta yi kore, sannan a hankali ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Ɗauki ki tafi." Na ɗora buhun a acaɓa na kai wa Indo, tana zaune da jaririnta a ɗakin da babu Iya. Da ita da wani ƙaninta suka shuka washegari, saura kwana kaɗan wata ya fita. Na kwari ya ruɓe. Na tudu ya yi, ba da yawa ba, amma ya kai su rani.

Tun daga lokacin ban ƙara dangwala yatsa a wata na'ura ba. Katin ɗan ƙasa, asusun banki, duk na ce sai wani lokaci. Ban san inda kundin nan ya tafi ba, ban san da wane kundin yake haɗuwa ba, kuma babu wanda zan tambaya ba tare da na tona kaina ba. Injiniya an ƙara masa girma. Na ji yanzu shi yake koyar da sababbin ma'aikata, yana ba su labarin yadda ya ceci sunayen gari guda da dogon barci.

Bayan babbar sallar da ta wuce na haɗu da shi a Kazaure, a bakin tasha, yana cikin abokansa. Na sauya hanya, ya riga ya gan ni. Ya tako har gabana, ya cire tabarau, ya ɗan rusuna kamar mai gaida tsohuwa.

"Iya Tabawa," ya ce, "an wuni lafiya? Ya jikoki?"

Abokan suna dariya ba su san ta mece ce ba. Ina da maganganu cike da baki, na shekara uku ina tara su. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Lafiya lau, Yallaɓai."